'Ya'yan Zango Da Takardar Neman Aiki: A Daina Ɓoye Haja A Ƙarƙashin Tebur

Duk wanda ya taɓa zaman kasuwa ko da na yini ɗaya ne, ko a Aflawo ko a Paga ko a Illela ko a Jibiya, ya san cewa babu ɗan kasuwar da zai tura hajarsa mai kyau ƙarƙashin tebur, sannan ya baza wadda kowa ke da irinta a sama, ya zauna yana jiran ciniki. Wanda ya yi haka, ko yaron shago sai ya yi masa dariya. To amma abin takaici, wannan shi ne ainihin abin da 'ya'yanmu ke yi a duk lokacin da suka zauna rubuta takardar nan ta bayanin kai da 'yan boko ke kira CV, wadda ake haɗawa da wasiƙar neman aiki. Kuma mu iyaye da iyayen gida muna da namu kason na laifin.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, kwanakin baya bayan sallar La'asar ɗan wani maƙwabcina a Mamobi, cikin birnin Akra, ya same ni a ƙofar gida da takardarsa a hannu, ya ce in duba masa. Ya gama jami'a, ya yi shekararsa ɗaya ta bautar ƙasa, ya aika da takardar nan wurare da dama, amma ko sau ɗaya ba a kira shi ba. Na karɓa na karanta. Ga sunansa, ga makarantun da ya yi, ga wurin da ya yi bautar ƙasa. Sai wasu layuka da Turanci da ke cewa shi mutum ne mai ƙwazo, mai iya aiki da jama'a, mai jure matsin aiki, mai son ci gaban ma'aikata. A ƙarshe aka ce abubuwan da yake sha'awa su ne karatu da tafiye-tafiye da kallon ƙwallo. Na tambaye shi wa ya tsara masa, ya ce a wani shagon buga takardu da ke bakin titi aka yi masa. Wato dai mai shagon yana da guda ɗaya a cikin kwamfutarsa, duk wanda ya zo sai a canza suna da makaranta a buga masa.

Ni kuwa a gabana aka haifi yaron nan. Mahaifinsa ɗan kasuwar albasa ne, kuma tun yaron yana shekara 12 yake bin sa rumfa a ranakun da babu makaranta. Yana jin Hausa da Zabarmanci da Tuwi, harshen Tonawa, da Turanci, ga Faransanci irin na kasuwa wanda ya isa ya yi ciniki da mutumin Lome ko na Wagadugu. Shekara shida shi ke riƙe da littafin bashi na rumfar. Akwai shekarar da motar kayansu ta maƙale a iyakar Paga saboda matsalar takardu, mahaifin yana kwance ba lafiya, shi aka tura, ya kwana uku a can har ya fito da motar kafin albasar ta ruɓe. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan a takardarsa.

Na ce masa, "Kai, ina ka baro duk wannan?" Sai ya yi murmushi ya ce, "Kawu, ai wannan ba aiki ba ne, taimakon Baba ne." Na sake duba adireshin, sai na ga na wata unguwa ce da ban taɓa jin ya kwana a cikinta ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, na abokina ne. Ka san in suka ga Nima ko Mamobi, gefe suke ajiye takardar."

Waɗannan amsoshi biyu su ne cutar, kuma ba shi kaɗai ke ɗauke da ita ba. Yaro ya ɗauka abin da ya koya a kasuwa ba ilimi ba ne, sannan ya ɗauka unguwar da ta raine shi abin kunya ce. Da ya cire waɗannan biyun, me ya rage a takardar? Sai abin da dubban 'yan'uwansa masu digiri ke da shi.

Ya kamata mu fahimci yadda zamani ya juya. Tun da gwamnatin Gana ta mayar da babbar sakandare kyauta a watan Satumba na 2017, masu riƙe da takardar shaidar karatu sai ƙaruwa suke yi, wanda abin farin ciki ne, musamman a zanguna inda kuɗin makaranta ya daɗe yana mayar da yara gida. Amma guraben aiki ba su ƙaru da wannan saurin ba. Shirin NABCO da aka ƙaddamar a 2018 domin ɗaukar masu digiri 100,000 aikin wucin gadi an rufe shi a 2022, kowa ya koma neman na kansa. Saboda haka manajan da ya tallata gurbi ɗaya zai tarar da tulin takardu a gabansa, kusan duka masu shaidar karatu iri ɗaya da kalmomi iri ɗaya. Ba zai iya karanta kowace a tsanake ba. Idonsa na neman wadda za ta ce masa ga wani mutum na daban, mai wani abu a hannu. Digiri yana shigar da takardarka cikin tulin ne kawai, abin da zai fitar da ita daga cikinsa shi ne halinka da abin da ka taɓa yi.

Wannan kuwa ba sabon abu ba ne a wurinmu. Kakanninmu fatake da suka riƙa tasowa daga Kano da Katsina da Sakkwato zuwa Gwanja fataucin goro, suna sauka a Salaga, da me suka yi ciniki? Baƙo zai sauka a gidan fatoma, fatoma ya haɗa shi da dillali, a ba shi kaya na dukiya mai yawa bashi, ba banki ba lauya. Abin da ake dubawa shi ne wane ne shi, yaron wa ne, ya taɓa cin amanar wani ko bai taɓa ba, ya san goro ko bai sani ba. Labarin mutum yakan riga shi isa gari. Wannan ita ce takardar bayanin kansu, sai dai a bakin mutane take. Kuma ko a wancan lokaci sun san darajar rubutu. Alhaji Umaru na Karaci, wanda aka haifa a Kano, ya zauna a Salaga, ya rasu a Kete-Karaci a 1934, tun yana saurayi ya wallafa littafi da Larabci a kan yadda ake tsara wasiƙa. Wato dai malamanmu sun daɗe da gane cewa gabatar da kai a rubuce fanni ne da ake koya.

Dubi kuma Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877. Mahaifiyarsa a Akra ta zauna, shi ma ya zo nan ya yi fataucin goro, yana kai shi Legas ta jirgin ruwa. Da jirgin ƙasa ya isa Kano, kamfanonin Turawa suka shiga neman waɗanda za su saya musu gyaɗa, ba takardar makarantar boko suka nema ba. Sun nemi fataken da suka riga suka yi suna, masu yara a ƙauyuka, waɗanda in an ba su kuɗi za su dawo da kaya. Abin da mutum ya koya a hanyar Gwanja shi ya zama shaidarsa. Kafin rasuwarsa a 1955 ana lissafa shi a matsayin wanda ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma.

Bambancin jiya da yau ɗaya ne. Manajan kamfanin fiton kaya da ke Tema, ko shugabar sashen ɗaukar ma'aikata ta wani banki, ba sa zama a zauren mahaifinka, ba sa sallah a masallacin unguwarku, ba su san wanda za su tambaya labarinka ba. Takardar nan ita ce dillalinka a wurinsu. In dillali ya yi shiru a kan kyawun kaya, wa zai taya?

Na san abin da wasu za su ce, domin an faɗa mini. Za a ce mu Hausawa an san mu da kunya da kawaici, kuma yabon kai jahilci ne. Gaskiya ne, kuma ba na fatan ranar da 'ya'yanmu za su zama masu cika baki. Amma akwai bambanci tsakanin yabon kai da faɗin abin da ka iya ga wanda ke shirin damƙa maka amana. A cikin Suratu Yusuf, aya ta 55, Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da bakinsa ya nemi sarkin Masar ya ɗora shi a kan taskokin ƙasa, ya kuma ambaci siffofinsa biyu da suka dace da aikin, wato iya tsarewa da sani. A Suratul Ƙasas kuma, aya ta 26, 'yar dattijon nan na Madyana ta ba mahaifinta shawarar ya ɗauki Annabi Musa aiki saboda ƙarfinsa da amanarsa. A lura, ba daga sama ta faɗa ba, sai da ta ga abin da ya yi a bakin rijiya lokacin da ya shayar musu da dabbobi. Darasin a nan shi ne, a ambaci halin da ya dace da aikin, a kuma kawo abin da ke tabbatar da shi. Wanda ya rubuta "ni mai amana ne" ya yi shiru, yabon kai ya yi, domin ɓarawo ma zai iya rubuta haka. Wanda ya rubuta "na riƙe littafin bashi da kuɗin cinikin rumfar albasa daga 2017 zuwa 2023, ga lambar mai rumfar a tambaye shi," bayani ya yi, kuma mai karatu da kansa zai ce wannan yaro mai amana ne.

To mene ne ɗan zango ke da shi wanda ya kamata ya hau saman tebur?

Na farko, harsuna. Ƙasar Gana ta yi iyaka da ƙasashe uku, Kwaddibuwa da Burkina Faso da Togo, kuma dukkansu da Faransanci ake harka a ofisoshinsu da iyakokinsu. Kayan Nijar da Mali da Burkina da yawa ta tashar jiragen ruwa ta Tema suke bi. Sakatariyar yarjejeniyar ciniki maras shinge ta nahiyar Afirka, wadda aka fara aiki da ita ranar 1 ga Janairun 2021, a nan Akra take. Duk kamfanin da ke son sayar da kayansa a ƙetaren iyaka yana bukatar wanda zai yi magana da direba da ɗan dako da jami'in kwastan da babban dila, kowa da harshensa. Yaron da ya tashi a Nima, inda Bahaushe da Bazabarme da Bakotokole da Bafulatani da Badagombe ke gida ɗaya, yakan tashi da harshe huɗu ko biyar ba tare da ya biya ko sisi ba, alhali wasu kuɗi suke kashewa su koyi ɗaya. Ya rubuta su duka, amma ya faɗi gaskiyar matsayinsa a kowanne: wannan ina magana da rubutu da shi, wannan magana kawai, wannan na ciniki ne. In ya yi makarantar allo ko Islamiyya yana karanta Larabci, wannan ma ya shiga.

Na biyu, lissafi da riƙon kuɗi. Yaron da ya zauna a shago a shekarar 2022, lokacin da hauhawar farashi a Gana ta kai kashi 54.1 cikin 100 a watan Disamba, darajar sidi tana zubewa kusan kullum, ya ga yadda ake sayen kaya da sefa ko naira a sayar da sidi ba tare da jari ya karye ba, ya koyi abin da ba a koyarwa a aji. Haka wanda ya yi shekara biyu a rumfar tura kuɗi ta waya, yana rufe lissafi kowane dare, yana gane saƙon 'yan damfara. Banki da kamfanin inshora da babban kanti duk irin wannan suke nema. Ya faɗi shekarun da ya yi, da yawan abokan cinikin da yake kula da su, da irin lissafin da yake yi.

Na uku, sanin hanya da iya fita daga matsala. Ku 'yan kasuwar kan iyaka kun fi kowa sanin abin da ya faru lokacin da Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da kuma lokacin da aka rufe iyakoki da Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, motocin kaya suka yi layi, dukiya ta lalace a kan hanya. 'Yan albasa na Akra kuma ba za su manta 2021 ba, lokacin da aka tashe su daga Agbogbuloshi aka mayar da su Ajen Kotoku, can bayan gari, kowa ya sake neman abokan cinikinsa daga farko. Yara da yawa sun tsaya tare da iyayensu a waɗannan lokuta, sun nemo wata hanya, sun kira masu saye ɗaya bayan ɗaya, sun sasanta da masu bin bashi. Abin da masu ɗaukar aiki ke nufi ke nan in sun ce suna son mai jure matsi. Maimakon ya kwafi kalmar, ya ba da labarin a layi biyu.

Na huɗu, hidimar jama'a. Wanda ke koyar da yara karatu a makarantar dare, wanda ke riƙe da asusun ƙungiyar matasan unguwa, wanda ke tara samari su yashe kwata kafin damina, wanda ke horar da ƙungiyar ƙwallon yara, wanda ake kira in rigima ta tashi tsakanin majalisu biyu na masu shan shayi, duk shugabanci suke yi. Wanda ya haddace Alƙur'ani ya nuna zai iya dagewa a kan abu guda shekara da shekaru. A rubuta, da sunan aikin da tsawon lokacinsa.

Ba zan manta da 'ya'yanmu mata ba, domin su suka fi ɓoye nasu. Yarinyar da ke tashi tun kafin asuba tana taya uwarta harkar wake da shinkafa ko tuwo, ita ke sayen kayan miya a kasuwar Nima ta ranar Laraba, ita ke biyan masu aiki, ita ke karɓar oda ta waya, ai gidan abinci take gudanarwa. Wadda ke riƙe da adashin mata 30 shekara uku ba a taɓa samun giɓi ba, ta yi aikin ma'aji. Wadda ke tallata atamfofin yayarta a WhatsApp da Facebook tana aika wa masu saye har Kumasi da Tamale, ta san ciniki ta intanet a aikace. Amma in ta zo rubuta takarda sai ta ce ba ta da ƙwarewar aiki. Wa ya gaya mata haka?

Sai dai akwai sharuɗɗa, domin kada a gudu daga wata cuta a faɗa wata. Babban sharaɗi shi ne gaskiya. Addininmu ya hana algus a ciniki, kuma takardar da aka cusa wa ƙarya algus ce. Wanda ya ce ya iya Faransanci alhali gaisuwa kawai ya sani, ranar ganawa za a juya masa harshe ya ji kunya, ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne. Na biyu, kada a tona asirin maigida. Ba a rubuta jarinsa ko ribarsa ba tare da izininsa ba, ana iya faɗin yawan motoci ko buhuna ko abokan ciniki in ya yarda. Na uku, a taƙaita. Shafi ɗaya ko biyu ya isa, kuma ba takarda ɗaya ake aika wa kowa ba. Yadda ba ka nuna wa mai neman shadda buhun gero, haka za ka sa harsuna da sanin boda a gaba in kamfanin sufuri kake nema, ka sa lissafi a gaba in banki ne. Manyan kamfanoni da dama yanzu kwamfuta ce ke fara tace takardu kafin mutum ya gani, tana neman kalmomin da ke cikin sanarwar aikin, don haka a karanta sanarwar da kyau a yi amfani da kalmominta wajen bayyana abin da aka iya. Na huɗu, a daidaita suna. Wannan matsala ce da ta addabi zanguna: a shaidar jarrabawa an rubuta suna da wani salo, a katin ɗan ƙasa da wani, a takardar neman aiki da na uku. A zaɓi wanda ke kan katin a tsaya a kansa. Sannan lambar waya ta zama mai shiga, adireshin imel ya zama da sunan mutum, ba laƙabin da abokai ke kiransa da shi a majalisa ba.

Yanzu bari in dawo kan maganar adireshi, domin ita ta fi ci mini rai. Ba zan ce yaron nan mafarki ya yi ba. Akwai masu jin sunan Nima su tuna da rigima da ƙazanta kawai, kuma akwai matasanmu da suka taimaka wajen ɓata sunan. Ba dole ba ne mutum ya rubuta lambar gidansu a takarda, in ya sa Akra da lambar waya ya wadatar. Amma ara adireshin wani ƙarya ce, kuma ƙarya ce mai cutar da na baya. In duk ɗan Nima da ya yi karatu ya kama kansa zai ce shi ɗan wata unguwa ne, to da wa za a san Nima? Sai da waɗanda 'yan sanda suka kama. Unguwar da Malam Amadu Futa ya kafa a farkon shekarun 1930 ta fitar da malamai da likitoci da lauyoyi da sojoji da 'yan kasuwa. Muhammad Kudus a filayen Nima ya fara buga ƙwallo kafin ya je Ajax a 2020, ya wuce Ingila a 2023, kuma duk inda ya je da sunan unguwarsa yake tafe. Babban Masallacin Ƙasa da aka buɗe a 2021 yana nan a Kanda, maƙwabciyarmu, duk mai wucewa ta babban titin yana ganin hasumiyoyinsa. Manajan da zai ajiye takardarka don sunan unguwarku, ko ka ɓoye masa a takarda zai gane ranar da ka fara aiki. Gara ka je wurin wanda zai ɗauke ka yana sane da ko kai wane ne.

Wasu kuma za su ce duk wannan ɓata lokaci ne, aiki a yau sai da hanya, sai kana da wani babba. Ba na musun cewa ana yin haka, a Gana da Nijeriya da Nijar duka. Amma ko wanda zai kai takardarka yana bukatar abin da zai nuna ya kare kansa. Kuma mai kamfanin da kuɗinsa ne a ciki, in ya ɗauki ɗan abokinsa ɗaya, sai ya nemi mutum uku da za su yi aikin da gaske. Bayan haka, amfanin takardar bai tsaya ga aikin ofis ba. Mai neman wakilcin kamfani a garinsu, da mai neman rance, da mai neman gurbin ƙaro karatu, duk za a ce su kawo bayanin kansu. Kai ko yaron da zai zauna a kasuwa, ranar da ya zauna ya jera abin da ya iya a rubuce, ranar zai daina ganin kansa a matsayin wanda ya rasa aiki ya faɗo shago.

A nan ne nake kira gare ku, Alhazai da Hajiyoyi na kasuwanninmu. Yaran nan da ke rumfunanku, 'ya'yan cikinku ne ko na riƙo ko yaran shago, kuna bin su biyayya, su ma suna bin ku shaida. An kafa Asusun Raya Zanguna a Gana a 2017, amma babu asusun da zai iya shaidar cewa yaronka ya riƙe maka kuɗi shekara shida bai ci ko kwabo ba, kai kaɗai ne za ka iya. Ka rubuta ranar da ya fara aiki a wurinka. Ka ba aikinsa suna, ko mai kula da sito ne, ko mai karɓar bashi, ko mai rakiyar kaya. Ranar da zai tafi, ko ranar da ka yaye shi, ka sa a rubuta masa wasiƙar shaida da sunan shagonka da hatiminka da lambar wayarka, in kuma aka kira ka daga wani kamfani ka ɗauka ka yi magana. Wannan shi ne aikin da fatoma ke yi wa baƙonsa a da, salo ne kawai ya canza. Kada tsoron cewa zai bar ka ya sa ka danne shi, domin yaronka da ke aiki a tashar Tema ko a banki riba ce gare ka. Shugabannin ƙungiyoyin kasuwa da sarakunan zango da limamai su ma za su iya ware rana ɗaya a wata, a gayyato 'ya'yan unguwa da suka riga suka samu aiki su zauna da ƙannensu a duba takardu. Ba ya cin kuɗi, tabarma ce da shayi.

Shi dai ɗan maƙwabcin nawa mun zauna da shi dare biyu. Ina tambaya yana ba da amsa, yana rubutawa. Muka share layukan shagon buga takardu, muka sa harsunansa biyar, da littafin bashi, da tafiyar Paga, da ajin yara da yake koyarwa a masallaci. Adireshin aro ma ya fita. Da muka gama ya kai wa mahaifinsa domin neman izinin sa lambarsa, ya karanta masa yana fassarawa. Dattijon ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Ashe duk wannan kai ka yi?" Shekara goma sha suna rumfa ɗaya, shi ma bai taɓa lissafawa ba. To in uban da ya haife shi sai da aka karanta masa, ina ga manajan da bai taɓa ganinsa ba?

Allah Ya buɗa wa 'ya'yanmu ƙofofin halal, Ya sa albarka a kasuwanninmu, Ya ba mu ikon faɗin gaskiya a kan kanmu da kan waɗanda ke ƙarƙashinmu. Amin.